Na'a-na'ar Bakin Rariya

Salama gare ku mutanena, masu ba ni haƙuri da masu yi mini tatas, duk ina ganin saƙonninku. Baiwar Allahn da ta rubuto cewa "Mufida, kishinki ya yi yawa," ki gyara zama, yau za ki ƙara samun abin faɗi. Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Mufida, 'yar Jega ce ni, ina koyarwa a wata makarantar yara kusa da gidanmu. Wanda nake so sunansa Kamaluddeen, manomin albasa ne a Aliero. Abubuwan da suka hana ni sakat a duniya kuwa biyu ne, ƙurajen fuskata da taubashiyarsa Khairiyya.

Ƙurajen nan ba irin na 'yan mata masu tasowa ba ne da ke fitowa a goshi su wuce. Nawa a haɓa suke zama da gefen muƙamuƙi, manya, masu zafi, kuma sun san kalanda fiye da ni. Da zarar al'adata ta kusa sai su yi sallama. Kafin tabon na wannan wata ya dushe, na wata mai zuwa sun iso. Na iya ɗaurin hijabin da ke rufe haɓa har mutane suka ɗauka tsabar ustazanci ne.

Innata ba ta da yawan magana, sai dai ta dube ni ta yi ajiyar zuciya. Gwaggo Gudiya, yayar Babanmu, ita ce rediyon gidan.

"Ɗiyar nan, Hajiya Dije za ta zo ganinki da wagga huska? Kin san ta kuwa? Matar da ka duba albasa ɗaya-ɗaya kahin a zuba buhu!"

Hajiya Dije ita ce mahaifiyar Kamal. An riga an yi magana tsakanin maza, saura zuwan mata su gan ni, su gaisa da Inna. Gwaggo ta mayar da zuwan nan kamar ranar jarrabawa. Duk ranar kasuwar Jega sai ta dawo da sabon kwalin mai, wani da hoton Balarabiya, wani ko rubutun da zan iya karantawa babu. Ni kuwa tsoronsu nake, sai in karɓa in tura ƙarƙashin gado.

Wata Juma'a bayan la'asar Kamal ya zo zance. Kamar kullum ya zagaya ya jingine babur ɗinsa gindin katangarmu ta baya inda inuwa take, sannan ya dawo zaure. Shadda ruwan toka ce a jikinsa, hannun rigar a naɗe, duk turaren da ya fesa bai kashe ƙamshin albasa ba. Ni dai ƙamshin nan bai taɓa damuna ba. Ya daɗe yana juya wata leda a hannu kafin ya miƙo mini.

"Kar ki ji haushi, don Allah."

Na buɗe. Na'a-na'a ce ɗanya shar, dami guda, an ɗaure ta da jan zaren roban nan da suke ɗinke bakin buhun albasa. Ɗaurin ma na gwaninta ne, an yi masa 'yar hanci biyu.

"Shayi za ki riƙa yi da ita, safe da yamma. An ce tana taimaka wa wasu mata, irin ƙurajen da ke bin wata. Ba ni na ce ki canza ba fa, Mufida. Na dai ga suna yi miki zafi, kina ta taɓa wurin."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe duk ɗaurin hijabina yana gani. Amma da na shiga ɗaki na kwance damin nan, sai na ji hawaye. Namiji ya bar aikin ban-ruwa, ya tsugunna ya tsinko ganye ɗaya-ɗaya saboda haɓata! Zaren ma ban yar ba, cikin akwatin 'yan kunnena na ajiye shi.

Na tambayi wata ƙawata ma'aikaciyar jinya. Ta ce in sha, wasu suna ganin sauƙi wasu ba sa gani, abin yana son haƙuri, in kuma al'adar ta rikice in je asibiti kar in tsaya ga ganye. Haka na fara. In tafasa ruwa, in jefa ganyen, in rufe kofin da faranti ya ɗan jiƙa, in sha ba madara. Ɗakina ya koma ƙamshin na'a-na'a har ƙannena suna tsokanata da mai shayi. Kowace safiya saƙonsa na shigowa:

"Malama, kin sha?"

"Na sha, ranka ya daɗe."

Kowace Juma'a kuma sabon dami da jan zarensa. Wata na farko ban ga komai ba. A na biyu ƙurajen suka zo, amma ba su yi taurin da suka saba ba, kuma ba su daɗe ba. Har Inna ta kama haɓata ta juya ta wajen haske ta ce, "Masha Allah." Gwaggo ta taɓe baki ta ce ai man da ta kawo ne.

Ana cikin haka shaiɗan ya sa na buɗe sitatus ɗin Khairiyya a waya, inda take saka hotunanta.

Khairiyya ɗiyar kawun Kamal ce, ƙanin Hajiya Dije. Mutanen Gumbin Kure ne ta wajen Maiyama, amma a Aliero take zaune gidan Hajiya saboda karatun jami'a. Kun san yadda taubasai suke, ita ɗiyar namiji, shi ɗan mace, don haka "bawana" take kiransa a gaban kowa, ta ƙwace masa hula, ta ce ya zo ya ɗaukar mata jaka. Kowa dariya yake yi. Wanda ya ɓata rai shi ne bai san zumunci ba. Fuskarta kuwa, Allah na gani, ko ɗigon tabo babu. Ina ƙara girman hotunanta da yatsu biyu ina nema, ban taɓa samu ba.

Ran nan hoton kofin gilashi ta saka, da shayi a ciki. A gefensa dami na na'a-na'a. Da jan zare. Da 'yar hanci biyu. Ta rubuta a ƙasa: "Bawana ya kawo haraji."

Na kalli hoton nan har wayar ta mutu da kanta, na kunna na sake kallo. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Ashe abin da nake ajiye zarensa cikin 'yan kunne rabawa ake yi kamar goron suna. Na rubuta masa "Wa da wa kake kai wa ganye?" na goge. Na rubuta "Sannu da hidima," na goge. Me zan ce? In na yi magana a ce Mufida tana kishi da taubashiya, tun ba a kawo ta ba za ta raba dangi.

Satin ya zagayo aka yi bikin Murjanatu, 'yar uwarsu, a Maiyama, Kamal ya ce lallai in je dangi su fara sanina. Na saka leshi ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, na yi hoda daidai misali, don a lokacin haɓata ta kwanta ba na jin kunyar kowa. Ina zaune cikin 'yan mata ana cin waina sai ga ta ta taho, atamfa kore da baƙi, ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, tana taku kamar gidan nata ne. Ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"A'a! Ku ba ni wuri in ga matar bawana. Ke, miƙe ki gaishe ni, uwar ɗakin mijinki ta iso."

Aka kwashe da dariya. Na yi yaƙe na ce, "Ina wuni."

Ta sunkuyo ta leƙa fuskata sosai, har ina jin ƙamshin cingam ɗinta.

"Lallai ganyena ya karɓe ki. Kun gani? Ni na dasa na'a-na'ar nan bakin rijiyar gonarshi, ni na hwaɗa mashi maganin. Ki riƙa yi mani addu'a, yarinya."

'Yan matan suka yi shewa, wata har da tafi. Ni kuwa na ture farantin wainar gefe. Wato zama suka yi, shi da ita, suka baje haɓata a faifai suna shawara. Ya kwatanta mata girman ƙurajena ke nan? Ta yi dariya? Shi ma ya taya ta? A motar dawowa tun daga Maiyama har Jega fuskata na jikin gilashi.

Ina isa gida na ɗauki ragowar damin na zagaya bayan makewayi, inda ruwan wanka ke bi ya fita ta rariya. Na wurga shi cikin taɓon wurin, na bi shi da tsaki. Ganyenta ne? To ta sha abinta.

Da safe saƙo ya shigo. "Malama, kin sha?"

Na daɗe ina kallonsa. Sannan na rubuta, "Na sha."

Kar ku tambaye ni dalili. In na ce ban sha ba zai ce me ya sa, in na faɗi dalili na zama mai kishin taubashiya. Ƙaryar ta fi sauƙi, kuma da na yi ta sau ɗaya sai ta zame mini jiki. Juma'a ta zo ya kawo dami, na karɓa da hannu biyu har da "Allah ya saka da alheri," yana tafiya na zagaya bayan makewayi. Ko kwance zaren ba na yi. Juma'a ta gaba ma haka, da wadda ta biyo ta. Wani lokaci sai ya tsare ni da ido ya ce, "Yana dai yi miki daɗin sha?" In ce sosai ma. Sai ya gyaɗa kai ya kawo zancen farashin taki.

Ƙurajen kuwa ba su san kishi ba. Wata ya zagayo suka dawo da 'yan rakiya. Ga shi an sa ranar zuwan su Hajiya Dije. Tsoro ya kama ni, na durƙusa na jawo ɗaya daga cikin kwalayen Gwaggo, mai hoton Balarabiyar. A raina na ce zan nuna wa Khairiyya ba da ganyenta kaɗai ake kyau ba. Kwana kaɗan ina shafawa fuskar ta ɗauki raɗaɗi, ta yi ja, gefen bakina ya fara saɓa. Na daina, amma aikin gama ya gama.

Ranar da za su zo tun hantsi gidanmu ke kan ƙafa. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, Inna ta fito da labulen salla, an turara falo. An yi fankasau da miyar taushe, ga soyayyun zabi, ga fura da nono mai kyau da aka kawo daga ruga. Ni kuwa ina gaban madubi da doguwar riga ruwan hoda, ina shafa hoda tana taruwa a kan saɓar kamar gari a kan tabarma. Na goge na sake, na sake gogewa. Ƙarshe na ja mayafi na rufe haɓa na ce Allah ya kawo abin da ya fi alheri.

Bayan azahar suka iso. Kamal ne ya tuƙo su a motar yayansa, amma bai shigo ba, ya tsaya waje saboda kunya. Hajiya Dije da ƙannenta biyu, sai wa? Sai Khairiyya, riƙe da jakar Hajiya, fuska tana sheƙi.

Na shiga na durƙusa har ƙasa. "Ina wuni, Hajiya. Kun zo lafiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Matso kusa mana, ai ba cizo nikai ba."

Na matsa. Ta sa hannu ta ɗan janye mayafin. Gwaggo ta fara gyaran murya. Hajiya ba ta yamutsa fuska ba, tausayi ma na gani a idonta, shi ya fi ci mini rai.

"Subhanallahi. Mi ya samu huskar? Kamalu ya ce mani ta yi sauƙi. Ko ba ki shan ganyen?"

Ga Inna, ga Gwaggo, ga baƙi. Na sunkuyar da kai na ce, "Ina sha, Hajiya. Kullum."

"To Allah ya sawwaƙe. Ciwo ai ba a kan so yake zuwa ba."

Na saci kallon Khairiyya ina jiran baƙar magana. Maimakon haka sai ta ƙura wa haɓata ido. Can ta ce tana son ta kama ruwa, Inna ta ce in raka ta. Na cika mata buta na nuna mata makewayi, na tsaya daga nesa ina danna waya. Ta fito, maimakon ta dawo sai na ga ta tsaya tana shinshina iska, ta zagaya baya.

"Mufida. Zo."

Wannan ne karo na farko da ta kira sunana ba "matar bawana" ba. Na bi ta.

Wallahi ni wurgawa kawai nake yi in juya, ban taɓa tsayawa na duba ba. 'Yar gari ce ni, ina na san na'a-na'a ba ta mutuwa in ta samu laima? Wurin ya zama lambu. Ta yi saiwa a taɓon, ta yaɗu kore shar tun daga gindin makewayi har bakin rariya, ta fi wadda ake kawo mini kyau. A tsakanin ganyen kuma ga jajayen zaruruwa nan, roba ba ta ruɓewa, kowanne da 'yar hancinsa biyu.

Khairiyya ta tsugunna, ba ta damu da atamfarta ba, ta zaro zare ɗaya ta ɗauraye shi da sauran ruwan butar.

"Kin san wa ka wanga ɗauri?"

Na kawar da kai.

"Kamalu bai iya ba. Shi ƙulli ɗaya yakai kamar zai ɗaure akuya. Ni ka zuwa gona duk Juma'a da sahe in tsinko, in zaɓe masu kyau, in wanke, in ɗaure. Nawa dami ɗaya, naki ɗaya."

"Ban roƙe ki ba," na ce. Muryata ta fito da kaushi fiye da yadda na so.

"Awo, ba ki roƙe ni ba." Ta miƙe tana naɗe zaren a yatsa. "Ni ma na yi ƙurajen nan, sun fi naki. Ina sakandare ko hoto ba ni shiga. Da yaz zo yana ta kame-kame wai wata ce ke fama, na san ko wa ce. Na so in ce mashi ban san magani ba."

"To me ya hana ki?"

Ta dube ni, babu dariyar nan tata ko kaɗan.

"Tun ina yarinya Hajiya ta so a haɗa mu. Kowa a dangi ya sani. Ni ban ce a'a ba, Mufida. Shi yac ce ya ga wata malama a Jega." Ta dubi zaren da ke yatsanta. "In ban ce mashi bawana ba, mi kike so in ce mashi a gaban mutane? Duk Juma'a ina tsinko abin da zai gyara huskar wadda yaz zaɓa ya bar ni. Ke kuma kina zubarwa inda kuke wanka."

Kuna tsammanin tausayinta na ji? Na ji, kaɗan. Amma gaskiyar da zan faɗa muku ita ce kishin da ya taso mini a wurin ya ninka na baya. Da ina cewa fuska kawai ta fi ni. Yanzu ga shi ta fi ni hali, kuma tana kwana gida ɗaya da uwarsa, kuma tana sonsa da gaske. Ni me na fi ta da shi? Ƙarya kowace safiya?

"Za ki faɗa masa?" Abin da ya fito daga bakina ke nan, ko kunya.

Ta yi wani murmushi mai ciwo. "Da wasa ɗaya zan iya tona ki a falon can, kowa ya yi dariya, ba mai cewa na yi laihi. Amma ba ni yi. Ba don ke ba. Ba ni son ya ji kunya gaban Hajiya." Ta jefa zaren a jakarta ta wuce. Kafin ta kai ƙofar falo har ta mayar da muryarta ta kullum, ina jin ta tana cewa a zuba mata fura kafin bawanta ya shanye.

Na jingina da katanga na sauke numfashi. Na ce Alhamdulillahi, gobe da sassafe zan sa fartanya in tuge ta tas, in fara shan shayin ko da na kasuwa ne, shi ke nan magana ta mutu.

Wayata ta yi ƙara. Kamal ne, hoto ya turo.

Katangarmu ce ta baya, daga waje. Ga tayar motar yayansa a gefe. Ga bakin rariyarmu, na'a-na'a ta bi ruwa ta ratsa ta fito titi, ta yi tsayi har ta fara fure. A jikin wani reshe ruwa ya turo jan zare ya maƙale.

Ban gama kallo ba saƙo ya biyo.

"Nan nake jingine babur duk Juma'a, Malama. Tun tana 'yar tsiro nake ganinta."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Ban damu da ganyen ba. Kullum da safe ina tambayarki ne ko Allah zai sa ki ce mini ba ki sha ba. Yanzu Hajiya ta aiko a ce mini kin ce kina sha kullum."

Daga falo na ji Inna tana kira, "Mufida! Zo ki yi sallama da su Hajiya." Idona na kan wayar. Saƙo na ƙarshe ya shigo, gajere.

"Juma'a mai zuwa in zo, ko in bari?"

Na je na durƙusa na yi musu Allah ya kiyaye hanya. Hajiya ta shafa kaina ta ce in ci gaba da shan ganyen. Khairiyya ta riga kowa fita, ina ji tana cewa ita za ta zauna gaba.

Tun daga ranar, saƙonsa na safe bai sake shigowa ba. Na rubuta amsa na goge ya fi a ƙirga, don duk wadda na rubuta sai sunan Khairiyya ya shigo ciki, ni kuma ban san yadda zan faɗi sunanta ba tare da na nuna masa abin da ya bari ba. Ban tuge na'a-na'ar ba. Ɗazu ma na je na tsaya a kanta, tana nan kore shar.

Gobe Juma'a, kuma har yanzu ban ba shi amsa ba.